Idan Rumbu Ya Cika: Yadda Ake Yi Wa Uwar Garke Ƙaura

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar Adar bayan kaka, ya tashi daga Madawa ya bi ta Buza ya nufi Keita, abin da zai fara cika masa ido a bakin kowane gari shi ne rumbunan ƙasa, manya masu tumbi kamar tuluna, an ɗora su kan duwatsu saboda gara da danshi. Manomin da damina ta yi wa kyau har hatsi ya fi ƙarfin rumbunsa ba ya bukatar wani malami ya gaya masa abin yi. Zai gina sabo wanda ya fi girma, ya bar shi ya bushe sarai, ya zaɓi ranar da babu hadari ya kwashe dammunan, kuma ba zai sa gatari a jikin tsohon ba sai ya kwana biyu yana leƙa sabon ya ga bai tsage ba.

Wannan al'ada ce ta faɗo mana a rai kwanakin baya, sa'ilin da wani ɗan ƙanwarmu, haifaffen Tabotaki ta gundumar Buza a jihar Tawa, ya bugo mana waya da tsakar rana murya na rawa. Yaron shi ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoman albasa a wani gari da ke can yankin. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, “Kawu, injin ya ƙiya. Tun da safe ba ya karɓar rubutu, ga mutane sun cika ƙofa sun zo biyan bashin taki.” Muka ce masa, “Kwantar da hankalinka, ɗana. Kada ka kashe, kada ka goge komai. Karanto mana abin da ke kan allon.” Da ya karanto, sai ga shi magana ɗaya ce injin ke ta maimaitawa da Turanci, wai babu sauran wuri.

Abin da ke cikin injin nan ba wasa ba ne. Sunan kowane manomi, buhu nawa na taki ya karɓa, nawa ya biya, nawa ya rage, da buhunan albasar da ya kai rudu aka ajiye masa har farashi ya tashi. Tun da aka kawo kwamfuta aka daina cika babban littafi yadda ya kamata. Da lissafin zai salwanta, rigimar da za ta biyo baya sai an dangana da fadar hakimi.

Mece ce uwar garke, kuma me ke cika ta?

Mai karatu zai so mu ɗan tsaya a nan. A ofis irin wannan akan samu kwamfuta ɗaya wadda ba a cika zama gabanta ba, tana gefe a kunne dare da rana, sauran kwamfutocin duk daga gare ta suke ɗibar bayanai, a cikinta kuma suke zubawa. Ita ce ake kira saba, marubutanmu na Hausa kuma suka laƙaba mata uwar garke. A cikinta akwai faifan ajiya, kuma ba a amfani da faifan a dunƙule, sai an yanka shi sashe-sashe kamar yadda maigida ke yanka filinsa: nan turaka, nan ɗakin uwargida, nan wurin awaki. A ɗaya daga cikin sassan nan babbar manhaja ke zaune, wato ruhin da ke tafiyar da injin baki ɗaya, ko Windows ko Linux. Ta ofishin ɗanmu Linux ce, samfurin Ubuntu, wadda ake samu kyauta, jikar manhajar nan da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara sakewa a 1991.

Wanda ya fara ɗora musu manhajar shekarun baya ya yanka wa babbar manhaja giga 40 kacal daga cikin faifai mai giga 500, ragowar ya ware don hotuna da takardu. A lokacin ya isa har da rara. To amma babbar manhaja ba ta zama yadda aka bar ta. Kullum tana rubuta rahoton abin da ya gudana a cikinta, kamar ɗan sandan da ke bakin kanta, tana tara sabbin gyare-gyare ba ta zubar da tsofaffi, sannan ita kanta taskar lissafin ƙungiyar, tare da hoton katin shaidar kowane mamba, a wannan ɗan sashe aka bar ta tana kumbura. Rana ɗaya sai aka wayi gari ko tsinke ba shi da wurin shiga.

Abin da ya hana injin sumewa gaba ɗaya wata dabara ce ta magina manhajar. Tsarin jera fayiloli da ake kira ext4, wanda ya kankama a 2008, yakan ɓoye kashi 5 cikin 100 na sashen, ba mai taɓawa sai babban mai kula da injin. Kamar dai tiya biyu ce da uwargida ke sokewa a ƙarƙashin gado ba da sanin yara ba. Da wannan ɗan rarar yaron ya samu ya shiga, ya share tsofaffin rahotanni da tarkacen gyare-gyare, ya samo giga 3, aka sallami mutanen da ke ƙofa. Muka gaya masa gaskiya, tsugune ba ta ƙare ba, nan da 'yan makonni za a koma gidan jiya.

Har Toyota ta taɓa faɗawa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon na ƙauye ne, ko na waɗanda ba su da kuɗin sayen kaya. Babu wanda bai san Toyota ba a yankinmu, tunda Hilux ce ke jigilar mutane da buhuna a hanyoyin duwatsun Adar. A ranar 29 ga Agustan 2023 masana'antu 14 da kamfanin ke harhaɗa motoci a cikin Japan duk suka tsaya cik, layukan aiki 28, saboda tsarin da ke yin odar kayan haɗi ya daina aiki. Da farko mutane sun zaci 'yan kutse ne, don a farkon 2022 harin da aka kai wa wani kamfani mai kawo musu kaya, Kojima, ya taɓa tsayar da su yini guda. Bayan kamar mako ɗaya sai kamfanin ya fito ya yi bayani da bakinsa: a ranar 27 ga watan an yi aikin gyara na yau da kullum, ana cikin sharewa da jera bayanan da suka taru sai wurin ajiya ya ƙare, injunan suka tsaya. Abin takaicin, na'urar da aka tanada don ta karɓi aiki idan ta farko ta faɗi, a kan tsari ɗaya take da ita, don haka ciwon da ya kayar da uwa shi ya kayar da 'ya. Ba a samu kai ba sai da aka kwashe bayanan zuwa wata uwar garke mai faɗin ciki, aka koma aiki ranar 30 ga wata. Kafafen labarai sun ƙiyasta cewa masana'antun nan kan fitar da motoci kimanin 13,000 a kowace rana.

Idan har kamfanin da duniya ke zuwa koyon tsari a wurinsa zai kwana a kan rashin wurin ajiya, to ɗan Tabotaki da giga 40 ɗinsa ba shi da abin jin kunya.

Kafin a ɗaura kaya

A ra'ayinmu, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙaura ita ce mafita ta ƙarshe, kuma mun sha ganin masu gyara suna rugawa gare ta alhali akwai hanya mai sauƙi a gabansu. Idan akwai fili a kwance daf da bayan sashen, ana iya matsar da katanga kawai a faɗaɗa shi, ext4 ma yana yarda a yi masa haka injin na kunne. Idan kuma tun farko an ɗora manhajar bisa tsarin LVM, wanda ya shigo Linux tun 1998, abin ya fi haka sauƙi, don shi wannan tsari yana ba da damar a haɗa fili daga wurare daban-daban, har daga wani faifan, a miƙa wa sashen da ke kuka. Ga wani abu da da yawa ba su lura da shi ba: Ubuntu ta uwar garke, daga fitowar 2020 zuwa sama, idan aka bar ta ta yanka faifai da kanta bisa LVM, ba ta ba babbar manhaja duka filin. Faifan da ya haura giga 200, giga 100 kawai take ɗauka ta bar sauran a kwance. Sau da yawa mutum na kukan rumbu ya cika, alhali rabin gidan kango ne, umarni biyu kawai ake bukata.

Ɗanmu bai yi wannan sa'ar ba. Babu LVM, sashen hotuna kuma ya tokare bayan na manhaja, shi ma ya kusa cika, ga faifan ya tsufa har ya fara wani ɗan ƙara idan rana ta take. Sai shugabannin ƙungiyar suka amince a aika Maraɗi a sayo sabo mai tera 1. Da ya iso yaron ya sake kira a fusace, wai an cuce su, injin na nuna giga 931. Muka yi dariya muka ce ba wanda ya cuce ku, tiyar ce ta bambanta. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke awo, injin kuma da 1,024 yake yi.

Wani abin lura ga mai sayen babban faifai: tsohon tsarin rubuta taswirar sassa, MBR, wanda ya zo tun zamanin kwamfutocin IBM na farkon shekarun 1980, ba ya ganin abin da ya wuce tera 2 a yawancin faifai, kuma manyan sassa huɗu kawai yake ɗauka. Wanda ya gaje shi, GPT, yana ɗaukar har 128. Sai dai a duba tsohon injin a ga irin tashin da ya saba da shi kafin a canja masa taswira.

Ranar ƙaura

Abu na farko da muka nace a kai shi ne kwafin ko-ta-kwana, a kan wani faifai na daban wanda za a zare a ajiye gefe. Kuma ba mu yarda da “ai na kwafa” ba. Sai da muka sa shi ya ɗauki kwafin ya buɗe a wata kwamfutar, ya nemo sunan mutum uku da ya san bashinsu da ka, ya ga lissafi ya yi daidai. Dalilinmu shi ne abin da ya sami kamfanin GitLab, inda dubban masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. A daren 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu da gajiya ta kama ya ba da umarnin share wata taska yana zaton yana kan na'ura ta biyu, ashe a kan ta farko yake. Kafin ya ankara, daga kimanin giga 300 saura 4.5. Da aka juya ga kwafin ajiya, hanyoyi biyar suke da su a rubuce, amma babu wadda ke aiki yadda aka zata, wata ma ta daɗe da mutuwa ba wanda ya sani. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin lamarin shi ya cece su, aikin sa'o'i shidan nan kuwa ya tafi ke nan.

Abu na biyu wuta. A nan ne aikinmu ya bambanta da na mai gyara a Turai, wanda littattafan koyarwa suke rubutu dominsa. Faifan da ake cikin yanka ko faɗaɗa shi wuta ta ɗauke, ana iya rasa tsoho da sabo a lokaci guda. Mutanen Nijar ba su manta da Agustan 2023 ba, watan da Toyota ta tsaya, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turawa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Jihar Tawa na da tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza tun 2018, amma wannan bai isa ya sa mai gyara ya miƙe ƙafa ba. Ofishin ɗanmu da farantan sola da batura suke aiki, don haka muka tsayar da ranar Juma'a, da ba a karɓar kuɗi, kuma da hantsi, batura sun cika, zafi bai kai ga gasa ɗakin ba. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, faifan da ya yi awa biyu yana aiki ba hutu a ɗakin kwano yana iya ƙonewa a hannunka.

Ba a yi wa mutum aski yana gudu. Haka ita ma babbar manhaja ba a kwashe ta tana kan aiki, don fayil na iya canjawa ana tsakiyar ɗaukarsa. Sai aka kashe injin, aka jona sabon faifai, aka tayar da shi daga wata 'yar manhaja da ke kan filas, ta yadda tsohon faifai da sabo duk suna kwance ba mai motsi. A sabon aka yanka wa babbar manhaja giga 200, aka ware wani sashe daban don taskar lissafi, saboda ko gobe ta kumbura kada ta shaƙe maƙwabciyarta.

Wajen kwasar akwai hanya biyu, kuma a nan muka fi daɗewa a waya. Akwai wani tsohon umarni mai suna dd, wanda ke ɗaukar faifai ɗungurungum, hatsi da ƙaiƙayi, ya zuba a wani. Yana da sauƙi, amma ba ya tambaya kuma ba ya jin a yi haƙuri. Ka gaya masa inda zai ɗiba da inda zai zuba. Idan ka juya su, zai kwashi wofin sabon faifai ya shafe tsohon da shi cikin natsuwa. Ba banza ba masu sana'ar suke masa kirari da mai hallaka faifai. Abin da ke ƙara haɗarin, Linux na kiran faifai da sda da sdb, kuma wanda yake sda jiya yana iya zama sdb yau idan aka jona wani abu. Mun sa yaron ya rubuta girman kowane faifai da lambarsa a takarda, ya liƙa a jikin allo.

Mu dai mun zaɓi rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostireliya a 1996. Shi fayil-fayil yake ɗauka, kuma idan aka umarce shi yakan tafi da shaidar mallakar kowane fayil da izinin wanda zai iya buɗe shi, abin da kwafi na gama-gari ke zubarwa a hanya, daga baya manhaja ta tashi ba ta gane 'ya'yanta ba. Babbar falalarsa a wurinmu ita ce idan aiki ya katse, ana sake kunna shi ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai taɓa tsohon faifan da komai ba. Cikin ƙasa da awa ɗaya ya gama. Muka ce a sake maimaitawa, karo na biyu bai samu abin ɗauka ba, alamar kaya sun isa.

Inda aka yi tuntuɓe

Yaron ya zare filas, ya zare tsohon faifai, ya kunna. Allo ya yi baƙi, ɗan ɗigo na ƙiftawa a kusurwa, shi ke nan. Muna jin numfashinsa ta waya. “Kawu, na kashe su.” Muka ce ba ka kashe kowa ba, ai tsohon na nan kan tebur lafiya lau. Laifin ma namu ne, da muka shagala da zancen wuta muka tsallake mataki.

Kwashe kaya daban, sanar da mutane sabon gida daban. Idan aka kunna kwamfuta, akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna GRUB wadda ita ke fara farkawa ta je ta taso babbar, kuma mazauninta ba ya cikin fayilolin da muka kwafa, sai an dasa ta a sabon faifan da gangan. Bayan ita akwai wani ɗan fayil mai suna fstab, wanda ke riƙe da jerin sassan da za a buɗe idan an tashi. Ba da suna yake kiransu ba, da wata doguwar lamba ce da ake kira UUID, mai haruffa da alƙaluma 32, wadda kowane sashe ke samun tasa ranar da aka tsara shi. Sabon sashe, sabuwar lamba. Ita kuwa manhajar da muka kwaso tana nan riƙe da lambar tsohon gida, kamar ɗan ci-ranin da ya dawo daga Abijan bayan shekara biyar ya tarar iyalinsa sun tashi, yana ta ƙwanƙwasa ƙofar kango. Mai amfani da dd kuma akasin wannan ke samunsa: har lambar yake kwafewa, sai a samu sassa biyu da lamba ɗaya, idan aka bar su a jone tare injin ya riƙa tashi yau daga wannan gobe daga wancan, ana zuba lissafi a wurare biyu ba a sani ba. Wannan ya fi allo baƙi muni, don shi ba ya nuna kansa sai an yi nisa.

Aka koma kan filas. Yaron ya karanto sabuwar lambar harafi-harafi, sau biyu, muna bin sa da biro, ya sauya ta a cikin fstab, ya shiga sabon sashen ya dasa GRUB, ya sa ta sake duba gidan. Ana kiran sallar Juma'a ya danna maɓalli. Shiru na ɗan lokaci, sai muka ji ya ce, “Ya taso!” Muka ce je ka masallaci, in ka dawo ka buɗe sunayen mutum ukun nan, ka kuma kashe ka kunna har sau uku.

Da yamma ma'ajin ƙungiyar ya karɓi wayar, bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Malam, tunda aiki ya yi kyau, ko a wanke tsohon faifan a ba sakatare ya zuba hotunan taro?” Muka ce, “Alhaji, a yi mana haƙuri, kada a saki reshe a kama ganye. A bar shi yadda yake har a rufe lissafin wata biyu a kan sabon.” Ya ɗan yi gunaguni kan kuɗin da aka kashe, amma ya yarda. An naɗe tsohon faifan a leda saboda ƙura, an rubuta kwanan wata a jikinsa, yana cikin akwatin ƙarfe a gidan shugaban ƙungiya, unguwa guda tsakaninsa da ofis. Kwafin ko-ta-kwana kuma kowace Alhamis ake sabunta shi, yaron ya sa a aljihu ya hau babur ya tafi da shi Tabotaki wurin mahaifiyarsa, ya dawo da shi ranar Asabar.